Laraba: Tambarin Fata da Lissafin Kwanaki

Yau Laraba, kuma ranar Alhamis ta makon gobe da ƙarfe 12 na rana ne wa'adin miƙa babban aikin wannan zangon karatu zai cika. Malaminmu na tsara zane ya ce kowa ya zaɓi sana'a ɗaya daga cikin sana'o'in garin nan, ya ƙirƙira mata tambari, ya tsara fosta a kan takarda mai girman A3, sannan ya kawo samfuri na zahiri wanda tambarin ya fito a jikinsa, tare da littafin zayyana da zai nuna yadda tunanin ya faro. Ni dukanci na zaɓa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, domin a zamanin fatauci an riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko. Har yau mutum zai sayi jaka ko takalmi ko titimi a Babbar Kasuwa, aiki mai kyau ƙwarai, amma babu wata alama a jiki da za ta nuna hannun da ya ɗinka. Wannan ya daɗe yana damuna, shi ya sa aikin yake da muhimmanci a wurina fiye da makin da za a ba shi.

Bayan sallar asuba na zauna da fensir da takarda. A watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, kuma da zarar hantsi ya ɗaga, gumin hannu ya fara ɓata takarda, kwamfuta ma ta ɗauki zafi ta rage sauri. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, don haka duk aikin da yake buƙatar natsuwa da tsaftar layi a wannan lokacin nake yin sa, karatu kuma na bar shi zuwa bayan azahar.

Da ƙarfe 9 muka shiga sutudiyo, kowa ya baje zanensa a kan tebur. Da malam ya iso wurina, ya daɗe yana duban tambarin, wanda na gina a kan dagi, na kewaye shi da ƙananan layuka irin na adon da dukawa suke yi a bakin jaka. Sai ya ce, "Zanen ya yi kyau a wannan girman, amma ki mayar da shi kamar faɗin babban yatsa ki gani. A jikin fata za a buga shi, kuma fata ba ta riƙe siririn layi yadda takarda take riƙewa." Na ce, "Ranka ya daɗe, idan na cire layukan, ba zai zama dagin da kowa yake amfani da shi ba?" Ya ce amsar wannan tambaya ita ce aikin nawa. Na yarda da shi a kan kaurin layi, amma ban ga dalilin zubar da adon baki ɗaya ba, domin shi ne ya bambanta tambarin da na kamfanin shinkafa ko na ƙungiyar siyasa. Na yanke shawarar barin layi uku masu kauri a maimakon masu yawa sirara.

Daga makaranta na shiga keke napep zuwa cikin gari, wurin wani dattijo baduku da ya yarda ya yi mini samfurin. Na same shi yana yankan fata, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa zanen. Ya juya takardar a hannunsa, sannan ya yi mini bayani dalla-dalla. Sai an kai zanen wurin mai sassaƙa hatimin ƙarfe tukuna, shi kuma ba a yini ɗaya yake gamawa ba. Jar fatar da nake so, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, sai ya aika majema an zaɓo masa marar tabo. Bayan haka za a ɗan jiƙa ta, a buga hatimin, a bar ta ta bushe a inuwa, domin idan aka shanya ta a wannan rana za ta ƙandare. Na ce, "Baba, ba za a samu kafin Asabar ba?" Ya ce, "Ɗiyata, in kin kawo zanen gobe da safe, ki zo Litinin bayan la'asar. In kin wuce gobe, ban yi miki alkawari ba."

Wannan magana ta sa na sake lissafin makon gaba ɗaya a hanyar komawa. Yawancinmu ɗalibai idan muka zauna tsara jadawali, awannin da za mu yi da hannunmu kawai muke ƙirgawa, alhali aikin zane cike yake da jira, jiran mai hatimi da bushewar fata da layin maɗaba'a da dawowar wutar lantarki. Kwana a zaune ba ya gajarta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka na fara ƙirga daga ranar miƙawa ina komowa baya. Laraba ta liƙa fosta a kan allo ce da haɗa littafin zayyana. Talata ta bugun ƙarshe ce, wanda ba zai yiwu ba sai hoton samfurin ya shiga cikin fostar, hoton kuwa sai na karɓi fatar ranar Litinin. Juma'a rabin yini ce a wurin masu sana'a da yawa. Ashe wa'adin da ya fi matsa mini shi ne na gobe da safe, ba wanda aka rubuta a allon sanarwa ba.

Kafin in koma gida na biya maɗaba'a domin bugun gwaji, kuma tsayawar ta yi amfani. Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, firinta kuma tana haɗa shi da tawada iri huɗu, don haka jan karan dafi da yake ɗaukar ido a allo ya fito a takarda da duhu, ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Yaron da yake kan na'urar ya ba ni shawarar in rage baƙi, in ƙara rawaya kaɗan, ya kuma tuna mini in bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, tunda girman A3 milimita 297 ne da 420, kuma hoton da za a buga a wannan faɗin yana son ɗigo 300 a kowane inci. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne haruffa. Nau'in rubutun da na zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai manhajar zanensu ta CorelDRAW ta cike gurbinsu da wasu haruffa da ba su dace da sauran ba. Wasu abokan karatuna sukan rubuta k da d kawai su wuce, amma ban ga yadda za a yi wa sana'ar Hausawa talla da gurguwar Hausa ba. Zan sauya nau'in rubutun, kuma in mayar da kalmomin su zama zane kafin in kai, yadda babu na'urar da za ta taɓa su.

Akwai kuma jingar tarihin zane a kan zankwaye da adon bangon gidajen Hausa, da gwajin da za a yi mana ranar Litinin da safe. Ina ganin da malaman sashe za su zauna tun farkon zango su jera ranakun miƙa ayyuka, da ba a tara wa ɗalibi uku a mako ɗaya ba, kuma da aikin da ake kawo musu ya fi haka inganci. Jingar na ajiye ta zuwa Asabar da Lahadi, kwanakin da fatar take hannun Baba, tunda a lokacin ba ni da abin yi a kanta.

A gida na yi wa Inna bayanin halin da ake ciki, ta ce ƙanwata ta karɓi girkin dare har zuwa Alhamis ta makon gobe, ni kuma in rama mata a makon da zai biyo baya. An kawo wuta bayan isha'i, na sa kwamfuta a caji, na gyara tambarin, na rage shi zuwa santimita 2 domin in ga ko layukan uku za su haɗe. Ba su haɗe ba, sai dai tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku tana son ƙari kaɗan. Zan gyara wannan bayan asuba, in fitar da shi baƙi a kan farar takarda, in kai wa Baba kafin darasin ƙarfe 10.