Laraba, ni da shuɗin Ƙofar Mata

Alhamdulillah yau dai komik ɗin nan nawa ya ɗan motsa, shafi na 15 ya fita daga fensir ya shiga tawada, saura tara kenan in Allah ya yarda tunda 24 na tsara tun farko. Akwai wanda ya tambaye ni wai me ya sa 24, me zai hana in cike 25 ya zama lissafi mai kyau. To littafin da za a ninke a danna masa fin a tsakiya dole shafukansa su tafi huɗu-huɗu, dan kowace takarda in aka ninka ta shafi huɗu take bayarwa, in na yi 25 sai na biya kuɗin wasu uku da ba komai a kansu, ni kuma aljihuna bai kai nan ba.

Ga wanda bai san labarin ba, a taƙaice yaro ne a Kano ta wajajen 1955, kakansa marini ne a Ƙofar Mata, babansa kuma ya bar rini ya koma dako a wajen dalar gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa saboda can ne ake ganin kuɗi a hannu kullum. Yaron yana tsakiya kowa na jan sa. Ba aljani a ciki, ba mai tashi sama, kuma har yanzu ban raɗa wa littafin suna ba, duk wanda na kawo sai in ji kamar sunan shagon ɗinki.

Bayan asuba na zauna kan tawada. Hunturun nan ba ya raga wa mai zane wallahi, kafin ka ja layi biyu tawadar ta bushe a bakin alƙalami sai ka goge ka sake tsomawa, ga hannu ya yi kaushi, in ka shafa basilin kuma ya taɓa takarda to wajen ba zai ƙara karɓar tawada ba, dole na sa wata farar takarda a ƙarƙashin hannuna ina janta ina tafiya. Ba wuta tun dare amma wannan bai dame ni ba a wannan matakin, shi ya sa ma nake son yin fensir da tawada da hannu, sai kala da gyara ne kawai suke jiran kwamfuta. Shafin na 15 zaure ne, kakan na zaune kan buzu yaron na ɗaure masa kayan fita, kusan duk lokacin a rufin zauren ya tafi, azara ɗaya bayan ɗaya, na san ba mai tsayawa ya ƙirga amma in babu su sai ɗakin ya koma kamar na siminti.

Wajen ƙarfe tara aikin abinci ya kira ni. Akwai wata marubuciya cikin masu sayar da littafi ta WhatsApp da nake wa bango, ta turo saƙon murya mai tsawon gaske, wai Malam mai zane a sa yarinyar cikin lafaya tana kuka, a bayanta a sa mota da ƙaton gida mai bene, gefe ɗaya kishiyar tana harara, sama kuma fuskar mijin ta ɗan dushe a cikin gajimare. Na ce Hajiya dan Allah ki bari mu rage, bangon nan a waya za a gan shi kuma ƙarami ne, in aka cusa duk wannan ba abin da za a gane. Ta ce ita dai masu karatunta motar suke so su gani. To an sa mota. Gaskiya ba na rena aikin nan, shi da tambarin wata mai turaren wuta da humra da na ƙarasa jiya da sitikar biki da ake kawo min jefi-jefi, su ne suke saya min takarda da tawada da data, komik ɗin ko sisi bai taɓa kawowa ba tukunna. Illa dai suna cin safiya, kuma da safe ne hannuna ya fi tsayuwa.

Bayan azahar na hau adaidaita zuwa Ƙofar Mata, dan shafi na 16 da 17 a bakin marina suke kuma ba zan zana su daga hotunan intanet ba. Hotunan nan kusan duk iri ɗaya ne, mutum ya ɗaga yadi sama yana murmushi saboda baƙo ya ce ya ɗaga, ba wanda yake nuna maka yadda marini yake zama a bakin rami, ina yake sa ƙafa, ta ina nauyin jiƙaƙƙen yadi yake jan kafaɗarsa. Ana cewa tun 1498 marinar take, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ba da labarin yadda rinannen tufafin Kano yake kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Yau kuwa ka shiga ka ga ramuka da yawa a bushe, wasu an cike su da shara, 'yan kaɗan ne ke aiki.

Na samu wani dattijo da na saba gaisawa da shi, na durƙusa na ce sannu da aiki Baba, ya ce yawwa ɗan samari, yau ma zanen ne? Na ce shi ne Baba, yau so nake in ga fitowar yadi daga rami tun daga tsomawar farko. Ya ce to matso amma ka tattare rigarka, abin nan ba ya fita.

Abin da ke cikin ramin ruwa ne da baba, wato tsiron da ake samun shuɗin rini daga gare shi, da toka da kanwa, a bar su su yi kwanaki suna ruɓa ana juyawa da doguwar sanda har kumfa ta taso a sama, warin kuma ba sai an gaya maka ba tun daga bakin ƙofa. Yadda na fahimci abin, shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai, ruɓar nan da kaifin toka su ne suke juya shi ya narke ya iya shiga cikin zare, kuma a wannan halin ba shuɗi ba ne, wani kore-kore ne mai ɗan rawaya. Sai an ɗago yadin iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi, ya kuma maƙale a cikin zaren. Shi ya sa marini ba ya jiƙa yadi ya tafi ya bar shi, tsomawa yake ya ɗago ya matse ya buɗa ya sha iska ya sake mayarwa, haka haka, gwargwadon maimaitawa gwargwadon duhun kalar, mai son ya yi baƙi-ƙirin irin na rawanin Buzaye sai a daɗe ana yi. Na tsaya ina kallo a gabana farin yadi ya fito kore, kafin Baba ya gama buɗa shi gefunan sun fara juyawa, tsakiya na biye. Wannan 'yan daƙiƙun su ne zuciyar littafin gaba ɗaya, nan ne yaron zai ga abin da ya hana kakansa barin ramin.

Na yi zanen gaggawa da yawa, yawanci hannu da baya da ƙafa. Na lura yanzu safar roba suke sawa, sai na tambaye shi ko da ma haka ake yi, ya yi dariya ya ce ina, lokacin da yake yaro da hannu ake shiga, marini ko a masallaci ka gan shi ka san shi dan hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, farce kuwa sai dai ya yi tsawo a yanke. Yana faɗa na ji wani abu ya faɗo min a kai, na rubuta a gefen takarda dan kar ya gudu. Na leƙa wajen masu bugu ma, inda ake shimfiɗa yadi kan gungume ana dukansa da manyan guduma na itace har ya yi sheƙi, amma wannan na shafi na 19 ne zan dawo masa.

Daga nan na biya wajen mai buga takardu da muke magana da shi tun kwanaki. Matsalar ita ce kala. Bugun kala cikakke da filet huɗu ake yi, wato farantin bugu, kowace tawada da nata, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, abin da suke kira CMYK kenan, kuma kuɗin da ya faɗa min na shafi 24 sai da na nemi kujera. Bayan haka ma shuɗin da kake gani a kwamfuta na haske ne, tsarin da ake kira RGB, in aka juya shi zuwa tawadar inji sau da yawa sai ya mutu ko ya karkata ya zama shanshanbale, ni kuma in shuɗin ya lalace littafin ya lalace. Ya ce to ka yi baƙi da fari mana kowa ya huta. Na ce Oga labarin rini ne fa, ya za a yi labarin rini ba kala? Muka yi ta ja har muka tsaya a kan kala biyu, filet ɗin baƙi da filet ɗin shuɗi guda wanda za a haɗa tawadarsa daban a zuba a inji, ba sai an haɗo shi daga wasu kaloli ba. Ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba kuma shuɗin zai fito da ƙarfinsa. Na ce zan kawo masa ƙyallen da aka rina a Ƙofar Mata ya sa a gaba yana haɗawa, ya ce shi dai bai taɓa ganin kwastoma ya zo da tsumma a matsayin samfur ba amma ya yarda.

A adaidaita ina dawowa ne abin ya haɗu min. Tunda shuɗi ɗaya gare ni, to ba zan watsa shi ko'ina ba, ba sama ba ruwa ba inuwa, sai kan abin da rini ya taɓa kaɗai, yadi da rawani da bakin rami da hannun marina. Duk sauran Kano baƙi da fari, ganuwa da zanko da indararo da buhunan gyaɗa. Hannun kakan shuɗi cikakke daga farko har ƙarshe. Hannun baban a shafukan farko da sauran shuɗi a farcensa da tsagar tafinsa, yana ta kodewa shafi bayan shafi yayin da yake dako, har ya zo ya zama fari tas kamar na kowa, kuma ba wanda zai yi magana a kai a cikin labarin, wanda ya lura ya lura. Hannun yaron kuma ban gama yanke shawara ba, kuma ko na yanke ba zan faɗa a nan ba. Abin daɗin shi ne shafukan da na riga na gama ba sai na taɓa tawadarsu ba, leya ɗaya ce kawai ta shuɗi zan ɗora a kansu a Krita, manhajar zanen da nake aiki da ita a kwamfuta.

Saura koren, dan da baƙi da shuɗi ba ka samun kore ko ka kwana kana yi. Abin da na tsara shi ne akwati huɗu a jere duk daga kusurwa ɗaya, hannun kakan riƙe da yadin, na farko shuɗin ɗigo-ɗigo ne da ƙyar ake ganinsa, yaron ya ce Kaka ai kore ne, kakan bai tanka ba, na biyu gefuna sun kama, na uku ya kusa rufewa, na huɗu shuɗi cikakke ba magana ko ɗaya. Bakin yaron ne zai ɗauki koren tunda inji ba zai ɗauka ba. Ina ganin ma ya fi a ce na samu kala huɗun, dan da na samu da na cika shafin da ado.

An kawo wuta bayan magariba na yi maza na sa shafi na 15 a sikana, sai da na goge gilashin sosai dan ƙurar hunturu kowace ƙwaya fitowa take kamar na ɗiga tawada, na ɗauka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, tunda layi ne zalla. Maganganun cikin balan-balan kuwa da hannu nake rubutawa kuma haka zan ci gaba, dan yawancin salon haruffan da aka yi wa komik ba su da ɓ da ɗ da ƙ, kana bugawa sai wani ɗan akwati ya fito maka a tsakiyar kalma, ni kuma ba zan buga littafin Hausa da haruffa ba lanƙwasa ba, yara ne za su karanta. Ga Hausa da son sarari, gaisuwa kaɗai sai ta cinye rabin akwati, amma yaro ba zai shiga zauren kakansa ba sallama ba dan kawai in samu wajen zane.

Umma ta shigo kawo min tuwo ta tsaya tana duba zanukan gaggawan da na baza a tabarma, ta ce to ina matan? Na ce wane mata Umma, ai marina maza ne. Ta ce kai dai, wa kake zaton yake ɗaure yadin da zare kafin a kai rami, wannan zagaye-zagayen da furannin da kake gani fari a jiki ai a cikin gida ake ƙulla su, in an rina a dawo da shi a warware, ta ce akwai wata maƙociyarsu tun suna 'yan mata da wannan ta aurar da 'ya'yanta. A tsarina kakar yaron tana fitowa a shafi na 20 tana tankaɗe ne kawai, yanzu kam faifan zai koma yadi da zare a cinya. Na roƙi Umma gobe ta ɗan ƙulla min a wani tsohon ƙyalle in ga yadda yatsu suke kamawa, ta ce sai na fara kai mata niƙa. Marubuciyar kuma ta sake turo saƙo yanzun nan wai a canza motar a sa baƙa, wannan kam sai da safe.