Rumfar mai cajin waya ta fi allo koyar da dokar Om

Ɗan lise zai iya haddace dokar Om, wadda ke bayyana yadda kuran ke gudana a cikin waya, tsaf, amma a miƙa masa wayar kuran da batir ya tsaya yana kallo. Maganin wannan shi ne malam ya kawo aji matsalar da yaran ke gani kullum a Maraɗi. Ga mai rumfar caji a bakin kasuwa, kuran na ɗaukewa, yana son fanon sola. Wane girma zai saya?

Kada malam ya ba da alƙaluma. A raba yara biyar-biyar, su je su ƙirgo da kansu. A ce sun samo waya 30 a yini. Batirin waya mai 4000 mAh yana ɗaukar kusan 15 Wh (Wh ma'aunin yawan wutar da aka sha ne), jimillar waya 30 ɗin 450 Wh ke nan. A nan yawancinsu ke tsayawa, kuma a nan kuskuren yake, domin caja da wayoyin kuran da batir duk suna cin nasu rabo. A ƙara kashi ɗaya bisa uku, ya zama 600 Wh. A raba da awa 5 na rana mai ƙarfi, a sami 120 W, sai a sayi fano mai 150 W. Batir mai 12 V, 100 Ah yana riƙe 1200 Wh, amma na dalma ba a shanye fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri.

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da regilater, na'urar da ke daidaita cajin batir, sannan fano. A sa fizibil, mai yanke wuta in ta yi yawa, kusa da batir. Fanon ya fuskanci kudu, a jingine shi kamar digiri 15.

Sauran darasin na miltimetir ne, na'urar auna wuta. Su auna wutar fano da hantsi, su sake aunawa da azahar lokacin bazara, za su ga zafi na rage ƙarfin fano, abin da ba wanda ke yarda da shi sai ya gani. Su auna kafin a goge ƙurar hunturu da bayan an goge. Su ɗora ganyen dogon yaro ɗaya a kan kusurwa, su ga yadda lambar ke faɗuwa. Siririyar wayar kuran kuwa a bar su su gwada ta, malam na tsaye, su taɓa su ji ɗumi.

Maki ma a raba: rabi ga lissafi, rabi ga ƙungiyar da ta iya yi wa mai rumfar bayani da Hausa har ya gane abin da zai saya.