Fata ba ta san sauri ba

Ranar nan wani baduku ya aiko ɗansa karɓar fatu 12. Na ce masa suna cikin ruwan bagaruwa, ya dawo jibi. Yaron bai tafi ba. Ya jawo turmi ya kife, ya zauna bakin kwatarniya ya zuba wa ruwan ido kamar mai kallon dambe. Can bayan la'asar ya ɗago ya ce, "Baba, wallahi na ga ta motsa!" Majemar duka ta kaure da dariya. Ashe ƙuda ne ya faɗa ciki.

Ya tuna mini lokacin da nake koyo wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Kullum da asuba sai na leƙa ko fata ta jemu cikin dare. Shi kuwa ba ya ko dubawa. Hannu yake tsomawa, ya murza gefen wuya da yatsu biyu, ya ce, "Da saura." Na yi shekaru kafin yatsuna su ji abin da nasa ke ji.

Jima aiki ne na jira. Fata ta kwana a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare ta, a tsoma ta a kashin tattabara ta yi laushi, sannan bagaruwa. Nan ne ake gane majemi. Mu da kanmu muke daka bagaruwar, mu riƙa juya fatar, mu sabunta ruwan, har jimar ta ratsa ciki. In ka yanka gefe ka ga fari a tsakiya, to ba ta yi ba. A hunturu kuma kwanakin ƙaruwa suke. Daga nan a shafa mai, a shanya a inuwa, a rina ja da karan dafi. Da fatar jar akuyar Sakkwato muke aiki, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu tsame fata tun ba ta ƙosa ba, su lafta mata rini, su karya farashi. Mai saye ya zo yana cewa, "Malam, can na samu da araha." In damina ta sauka jakar ta fara wari, takalmin ya tsage, sai a ce fatar Sakkwato ta lalace. Ga kuma masu fiɗa bayan Babbar Sallah, a kawo maka fata duk shaidar wuƙa.

A Italiya akwai cukun da ba a sayarwa sai ya yi wata 12 a ajiye, kuma masu saye ba sa ƙorafi. Mu kwanaki kaɗan muke roƙo.

Yaron ya dawo jibin. Na miƙa masa fata ɗaya, ya dunƙule ta a hannu ya saki, ta miƙe ba ko alamar karaya. Ya shinshina, ya ce in bar shi ya riƙa zuwa ranar Asabar.