Bokitin mofa: abin da na zaɓa wa shagonmu a Jekadafari

Ni ke kula da masu goge-goge a wani babban shago mai bene a Jekadafari, cikin garin Gombe. Ƙasa zauren kaya ne shimfiɗe da farin tayil, sama ofisoshi, sai matakala. Ranar da za a sayo bokitan mofa, maigida ya ce, "Ki ɗauko mafi girma, a huta da zarya wajen famfo." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in auna da masu aikin tukuna."

Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Bokiti mai lita 36 in aka cika shi ya fi jarkar 'yan garuwa mai lita 25 nauyi nesa ba kusa ba. Akwai dattijuwa a cikinmu, Inna muke ce mata, ita ke da saman bene. Ba zan iya kallonta tana hawa matakala da wannan kaya ba. Ita na saya wa mai lita 15, wanda take ɗauka da hannu ɗaya.

Zauren ƙasa ne ya fi ba ni tunani. Lokacin hunturu ƙura na shigowa duk sanda aka buɗe ƙofa, kafin a kai rabin zaure ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Babban bokiti ɗaya yana sa mutum ya ji ƙyashin zubar da ruwa mai yawa, ga sabulu a ciki, sai ya ci gaba da tsoma mofa a dauɗa. Tayil ya bushe da zane-zane, a ce ba a goge ba, alhali yarinya ta sha wahala. Shi ya sa na tsaya a kan mai tayoyi mai bokiti biyu, kowanne lita 25: ɗaya ruwan sabulu, ɗaya inda ake matse mofa. Ba ma cika su. Kashi biyu cikin uku ya isa, in ba haka ba ruwa ya riƙa fantsama in ana turawa.

Da kan mofarmu na je kasuwa, na zura shi cikin matsewar a gaban mai shago, don babban kai ba ya shiga ƙaramar matsewa, ruwa kuma ba ya fita sosai.

Banɗaki kuwa na ware masa ƙaramin jan bokiti, ba ya fitowa zaure ko kaɗan.