Wasiƙa daga Jamus: abin da nake kallo idan dare ya yi tsawo

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Ina gaida kowa, manya da yara, da fatan hunturu ya zo muku da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Tambayoyinku kullum ba sa wuce yadda ake samun gurbin karatu, da ko ana samun naman halal, da abin da mutum ke yi da kansa idan ya taso daga aiki. Duk zan taɓa su in Allah ya yarda, amma bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ke cina a rai.

A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen takwas na safe, kafin huɗu da rabi na yamma kuma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk sai su cunkushe cikin awa huɗu. Sanyin nan kuwa ba ya jin hantsi, da shi ake wuni, da shi ake kwana. Babu zaman ƙofar gida, babu teburin mai shayi, ranar Lahadi shaguna a rufe. Kowa ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa, abin da ke ziyartarka kawai wasiƙu ne. Doka ta ce wanda ya tare a gida ya yi rajistar adireshinsa cikin mako biyu, to daga ranar da ka yi, takardu sun san inda kake. Ta inshorar lafiya, ta haraji, ta banki, kowacce da lambarta da wa'adinta, kuma da Jamusancin da su kansu 'yan ƙasar sai sun maimaita karantawa. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta kuɗin rediyo da talabijin: kowane gida Yuro 18 da ɗoriya duk wata, ko kana da akwatin ko ba ka da shi. Na kai kukana wurin wani dattijo maƙwabcina, sai ya yi dariya ya ce in biya kawai, ai da irin wannan kuɗin ne gidajen talabijin na gwamnati suka taimaka aka yi finafinan da suka fi tona wa ƙasar asiri. Ya rubuta mini suna a takarda, ya ce in je ɗakin karatu na unguwa in ari fayafayan.

Sunan shi ne Rainer Werner Fassbinder, mai shirya finafinai. An haife shi a jihar Bavariya a watan Mayun 1945, makonni kaɗan bayan Jamus ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, ya mutu a Munich a 1982 yana da shekara 37. Cikin wannan ɗan taƙin ya yi finafinai sama da 40. Tun kafin in ci gaba, ku sani ba finafinan da ake kallo da iyali ba ne. Akwai tsiraici, akwai giya, shi kansa mai su rayuwarsa ba abin koyi ba ce, ƙwayoyi ne suka yi ajalinsa. Duk da haka ban ga wanda ya fahimtar da ni mutanen da nake zaune cikinsu kamarsa ba.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne Die Ehe der Maria Braun, wato Auren Maria Braun, na 1979. An ɗaura auren Maria da soja Hermann a 1943 bama-bamai na sauka a kan ofishin rajista, har sai da suka kwanta a ƙasa suka sa hannu a takarda. Rabin yini da dare ɗaya suka yi tare, ya koma fagen daga. Yaƙi ya ƙare, tana zuwa tashar jirgin ƙasa da allo rataye a jikinta ɗauke da hotonsa, ko wani ya gan shi. A nan na tuna matanmu na Borno da Yobe da har yau ba su san ko su zawarawa ne ko matan aure ba. Mu a fiƙihun Malikiyya akwai hanya: mace ta kai maganar gaban alƙali, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda. Maria ba ta da alƙali, ga yunwa, ga gari ya zama kufai, kuɗi ba shi da daraja, taba sigari ce ake ciniki da ita. Fassbinder da kansa ya fito a matsayin ɗan kasuwar bayan fage da ya sayar mata da rigar da ta sa ta nemi aiki a mashayar sojojin Amurka.

Da aka ce mata Hermann ya mutu, ta shaƙu da wani sojan Amurka baƙar fata mai suna Bill. Kwatsam miji ya dawo ya same su, ita kuma ta ɗauki kwalba ta buga wa Bill a kai ya mutu. Hermann ya ce shi ya yi kisan, aka ɗaure shi. Daga nan Maria ta shiga neman kuɗi ba ji ba gani, wai tana gina musu rayuwar da za su yi in ya fito. Ta zama hannun daman wani mai masaƙa, Oswald, ta kuma zama farkarsa, tana ganin ita ke juya kowa. Sai bayan Oswald ya mutu, ana karanta wasiyyarsa, ta ji ashe mazan biyu sun yi ciniki a kanta tun a kurkuku: Hermann ya yi nesa har Oswald ya mutu, a ba shi rabin dukiya. Gidan ya tashi da ita da Hermann, wanda ya dawo, saboda iskar gas da ta bari a buɗe, a daidai lokacin da rediyo ke ihun Jamus ta ci Hangari 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1954 a Bern. Fim ɗin ya buɗe da hoton Hitler, ya rufe da hotunan shugabannin gwamnati Adenauer, Erhard, Kiesinger da Schmidt. Willy Brandt kaɗai ya tsallake a jerin shugabannin.

Abin da mutumin yake faɗa a fili yake. Jamusawa suna alfahari da farfaɗowar arzikinsu bayan sabon kuɗin da aka fitar a 1948, shi kuma yana tambayar me aka sayar aka sayi wannan arziki. A wurinsa bindiga ta yi shiru, amma yaƙin ya koma cikin gida, ya shiga aure da abota, har so ya zama haja mai farashi. A fim ɗin Lola na 1981, wani jami'in gine-gine mai gaskiya ya zo wani gari a 1957, inda ɗan kwangila ɗaya ke riƙe da magajin gari da sauran manya a gidan karuwansa. Cin hanci bai kayar da jami'in ba, son wata mawaƙiyar gidan ne ya kayar da shi. A ƙarshe ya aure ta, ɗan kwangila ya ba amarya gidan karuwan kyauta, aka ci gaba da gini, kowa na murmushi. Akwai na uku, Veronika Voss, kan tsohuwar tauraruwar zamanin Nazi da wata likita ta ɗaure da allurar maye don ta cinye dukiyarta. Shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 1982.

Mu ma mun yi yaƙi daga 1967 zuwa 1970, kuɗin fetur ya biyo baya, ga kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata, ga kwangiloli. Wa ya ba mu labarin sojan da ya dawo gida ya tarar an yi masa sadakar arba'in, ko ma'aikacin kirkin da mace ta kai shi hannun ɗan kwangila? Ina so 'yan'uwanmu masu shirya fim a Kano da Jos su duba wannan fage. Ba sai an cire tufafin kowa ba, ba kuma sai an ƙona tankar yaƙi ba. A Maria Braun ba a nuna fagen daga ko sau ɗaya ba, yawancin fim ɗin a ɗaki da ofis da jirgin ƙasa aka yi shi.

Wanda ya fi taɓa ni a matsayina na baƙo shi ne Angst essen Seele auf, wato Tsoro Na Cin Rai, na 1974, da aka ɗauka cikin kusan mako biyu. Emmi, dattijuwa mai aikin shara, ta auri Ali, lebura ɗan Maroko da ta girme wa nesa ba kusa ba. Ɗanta ya fasa mata talabijin da ƙafa, mai kantin unguwa ya ƙi sayar wa Ali kaya. Daga baya duk suka sauko, mai kanti don manyan shaguna suna ƙwace masa ciniki, ɗan don yana neman mai rainon yaro. Sama da shekara hamsin da yin fim ɗin, kuma an ci gaba sosai, amma wanda zai zo nan ya riƙe cewa ana buƙatar hannunsa ne kafin a so fuskarsa. Ya zo da sana'a ko takardar ilimi, ya kuma koyi harshen tun daga gida.

Batun nama kuwa, ana samu a shagunan Turkawa da Larabawa, sai dai tsada, kuma kada ku sa ran kilishi. Maganar gurbin karatu doguwa ce, sai wata wasiƙar, don akwai takardar da ke jiran amsata kafin ranar Juma'a. A gaida su Inna da su Kawu, a sa mu a addu'a. Wanda zai taho kuma don Allah ya riƙo mini daddawa da kuka.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Jamus