Sai da na cire tsohon faifai kafin na yarda na goge shi

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Wannan makon na gama aikin da na faro a kan Debian ɗin (wani nau'in Linux) da nake gudanarwa cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar na'urar kwaikwayo a cikin kwamfuta. Faifan na'urar mai gigabait 20 ya cika, sai na ƙirƙiri sabo mai gigabait 60, na kwafe tsohon gaba ɗaya a kansa da Clonezilla, manhajar kwafe faifai. Kwafin bai ba ni wahala ba. Wajen goge tsohon ɓangaren ne na kusa yin ɓarna.

Da na tayar da na'urar, faifan biyu duk suna jone, komai ya hau lafiya. Na ɗauka a kan sabon nake. Allah ya sa kafin in taɓa komai na buga findmnt / don in tabbatar, sai ga shi tushen tsarin, wato ɓangaren da tsarin yake gudana daga cikinsa, yana kan tsohon faifai. Dalilin shi ne kwafi irin wannan yana ɗauko har lambar shaidar ɓangare, wato UUID. Da na duba da lsblk -f, sai na ga ɓangarori biyu ɗauke da lamba ɗaya sak. Shi kuwa fayil ɗin /etc/fstab (jerin ɓangarorin da ake ɗorawa) da GRUB (mai tayar da tsarin) da wannan lambar suke neman tushe, don haka ba ni da tabbacin wanne za a ɗauka. Kada kuma ku dogara da sunayen sda da sdb, domin suna iya sauyawa daga wannan tashi zuwa wancan. Ni da girman faifai nake bambance su.

Abin da na yi: na kashe na'urar, na ajiye kwafin fayil ɗin tsohon faifan a wani wuri dabam, sannan na shiga saitin ajiya na VirtualBox na cire jonin nasa. Cire joni ba ya goge fayil, in abu ya lalace sai a sake jonawa. A ganina wannan ne gwajin gaskiya, don na'urar da ta tashi alhali tsohon faifai yana nan ba ta nuna maka komai ba tukuna.

Ai kuwa gwajin ya tona wani abu. Na'urar ta tsaya tana jira har daƙiƙa 90, wanda shi ne lokacin da systemd, manhajar da ke tsara tashin tsarin, ke jiran faifan da ba ta gani ba. Ashe lokacin da nake faɗaɗa tushe da GParted, manhajar gyara ɓangarorin faifai, na goge ɓangaren swap (wanda ke tallafa wa RAM) na sake yin sabo a ƙarshen faifai, shi kuma ya zo da sabuwar lamba. Duk wannan lokacin swap ɗin tsohon faifai ake amfani da shi ban sani ba. Na ɗauko sabuwar lambar da blkid, na gyara ta a fstab, na gyara a /etc/initramfs-tools/conf.d/resume, na buga update-initramfs -u. Wannan fayil na biyun ne mutane suka fi mantawa da shi. Na sake tayarwa sau uku, babu jira.

Wanda tsoho da sabon ɓangarensa suke cikin faifai ɗaya ba shi da damar cire joni. Shi sai ya tashi da faifan GParted mai tayar da kansa, ya ba sabon ɓangaren wata lamba da tune2fs -U random idan tsarin fayil ɗinsa ext4 ne, ya gyara fstab, ya sabunta GRUB. In na'urarka da UEFI (magajin BIOS) take tashi, ka bar ƙaramin ɓangaren FAT32 ɗin nan, don mai tayar da tsarin yana ciki.

Bayan kwana biyu ina aiki da sabon faifai kaɗai, na sake jona tsohon, amma ta GParted na tashi, don kada a ɗora wani ɓangare. Na zaɓi mai gigabait 20, na sake duba girman, na goge. GParted ba ta aiwatar da komai sai ka danna alamar amincewa, don haka na karanta jerin ayyukan kafin na danna. Yanzu faifan ya zama wurin ajiye fayiloli, kuma mako mai zuwa zan gwada irin wannan aikin a kan tsarin da ke amfani da LVM, wata hanya dabam ta sarrafa ɓangarorin faifai.