Laraba: hannun dama da bugu na uku

Hunturu ya busar da katakon jita, sai da na sake ɗaure tsirkiya shida kafin in fara. Yau aikin hannun dama kawai na yi, na hagu ya zauna a kan Em, wani tsarin danna tsirkiya da yatsu, har minti 20.

Kiɗan shi ne wanda kowane ɗan koyo ke fara cin karo da shi: ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama. Ana ƙirga 1 da 2 da 3 da 4 da. Hannu na sauka a kan lamba, yana hawa a kan "da". A 3 hannun zai sauka kamar kullum, amma ba zai taɓa tsirkiya ba, iska zai kaɗa. Nan mutane ke tuntuɓe. Sai su tsayar da hannu su jira, bugun sama na gaba ya zo da wuri, kiɗan ya riƙa ɗingishi. Maganinsa hannu ya yi ta lilo kamar ana fifita wuta, ko ya taɓa ko bai taɓa ba.

Na sa manhajar ƙirga bugu a kan 60 a minti, ina ƙara 5 sai in an yi zagaye takwas ba kuskure. A 85 abin ya fara watsewa, don gwiwar hannu ta karɓe aikin. Motsin daga wuyan hannu ya kamata ya fito, a sake, kamar mai yarfe ruwa bayan alwala.

Ɗan robar kaɗawa ma da ruwansa. Mai kaurin milimita 1 yana maƙalewa a bugun sama, na 0.60 kuwa zamewa yake yi. Kan da zai leƙo tsakanin yatsu kada ya wuce milimita 3, a ɗan karkace. Bugun sama kuma siraran tsirkiya uku ko huɗu na ƙasa sun isa, neman duka shidan shi ke sa sauti ya cakuɗe.

Bayan la'asar na gwada 6/8, kiɗan da ake ƙirgawa 1 zuwa 6, irin wanda ake yawan ji a jitar Agadas, nauyi a kan 1 da 4. Na ajiye robar, babban yatsa da manuniya suka yi aikin, gefen tafin hannu na kwance dab da jaki, inda tsirkiya ke kafe a jikin jita, don ya rage ƙara. Da ya matsa gaba kaɗan sai sautin ya mutu ɗungurungum. Gobe sauyi daga tsarin Em zuwa na G, a ɗaga yatsu a kan "da" na ƙarshe.